Sunan mai bayi a goshin gini: a goge ko a bari?

Baba Ishaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu tauna. Babbar makarantar tauhidi ta ƙungiyar Southern Baptist da ke Louisville, a jihar Kentucky ta Amurka, ta fitar da rahoto a Disamba 2018, ta amsa da bakinta cewa mutum huɗun da suka kafa ta a 1859, wato James Boyce, John Broadus, Basil Manly ƙarami da William Williams, dukansu sun mallaki bayi, idan aka haɗa sun haura 50. Mutane suka yi ca a cire sunayensu daga gine-ginen makarantar. A Oktoba 2020 hukumar amintattu ta ce ba za ta cire ba. Ni ina bayan hukumar. Goge sunan wanda ya kafa wuri share tarihi ne, kuma butulci ne. Wanda bai yarda ba ya fito.

Malama Rahila: Barka da yamma Baba. Ku yi haƙuri, na fito. Tarihin yana nan cikin rahoton da kuka ambata, yana cikin littattafai, babu wanda ya ce a ƙona su. Amma sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a goshin gini yabo ne. Ku duba ɗalibin da aka sayar da kakanninsa a kasuwa: zai yi karatu a laburaren Boyce, ya shiga sujada a ɗakin ibada na Broadus. Kullum ana nuna masa waɗanda gidan yake taƙama da su.

Dikin Yohanna: Malama, zamaninsu ne haka. Ba daidai ba ne mu auna mutumin 1859 da mudun yau. Kowa a lokacin yana da bayi.

Danjuma: Yaya Dikin, ba kowa ba. Ita kanta Southern Baptist me ya haife ta? A 1844 Baptist na jihar Jojiya suka gabatar da wani mai bayi, James Reeve, a naɗa shi ɗan mishan, da gangan, don su ga abin da za a yi. Hukumar mishan ta ƙi. Nan rigima ta tashi. A Mayu 1845 mutanen kudu suka taru a Augusta suka kafa tasu ƙungiyar. Ke nan 'yan'uwansu Baptist, masu karanta Littafi Mai Tsarki ɗaya da su, sun gaya musu a fuskarsu cewa abin nan ba ya tafiya da aikin bishara. Sun ji, suka zaɓi su ɓalle. Boyce ma da yaƙin basasar Amurka ya zo, limamin sojojin kudu ya zama. Mudun zamaninsu muka ɗauko, ba namu ba.

Dikin Yohanna: To ai sun tuba. A 1995 babban taronsu a Atlanta ya nemi gafara a fili.

Danjuma: Bayan shekara 150. Kuma jikoki ne suka nemi gafarar, waɗanda sunansu ke jikin ginin ba su nema ba.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni maƙwabci ne a wannan magana, ba ɗan gida ba, amma Baba, akwai abin da kuka tsallake. A wannan zaman na 2020 ɗin dai hukumar ta cire suna ɗaya. Akwai kujerar farfesa mai sunan Joseph Brown, tsohon gwamnan Jojiya, wanda ya ba makarantar dala 50,000 a 1880 lokacin da take gab da rufewa. Dukiyarsa kuwa da gumin fursunoni aka tara ta, yawancinsu baƙaƙen fata, waɗanda gwamnati ke bayar da su haya suna haƙar kwal a kamfaninsa. Aka sauke sunansa. In goge suna share tarihi ne, to hukumar da kuke goyon baya ta share.

Baba Ishaya: Wa'alaikumus salam Malam. Brown kuɗi ya bayar. Waɗancan huɗun rayuwarsu suka bayar, da koyarwarsu, wadda har yau makarantar take tsaye a kanta. Akwai bambanci.

Malam Sani: Akwai. Sai dai wanda aka sa wa sarƙa bai ga bambancin ba.

Malama Rahila: Kuma Baba, da ba don kuɗin Brown ba, da babu ginin da za a manna sunan kowa. In butulci ake gudu, shi ma an yi masa. Abin da na gani kawai shi ne an zaɓi sunan da ya fi sauƙin rabuwa da shi.

Fasto Bitrus: Bari in sa baki kafin zance ya yi zafi. Littafi Mai Tsarki yana da hanyarsa ta tuna manya. Ku buɗe 1 Sarakuna 15:5. An yabi Dawuda cewa ya yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji dukan kwanakinsa, a cikin wannan aya ɗin kuma aka ce ban da al'amarin Uriya Bahitte. Ku je Matiyu sura 1, jerin kakannin Yesu: da aka zo kan Sulemanu, sai aka ce uwarsa matar Uriya ce. Marubucin yana iya yin shiru, bai yi ba. Ba a goge Dawuda ba, ba a kuma ɓoye Uriya ba. Don haka ni ra'ayina a bar sunan, amma a rubuta laifin a wuri ɗaya da yabon, a allo ɗaya. Hukumar ma ta amince a kafa allon da zai ambaci zunubin bauta da gumin bayin, ta kuma buɗe asusun tallafin karatu na ɗalibai baƙaƙen fata da aka ce zai kai dala miliyan 5, da sunan Garland Offutt, baƙar fata na farko da ya kammala a can.

Baba Ishaya: Yauwa Fasto. Abin da nake faɗa ke nan.

Malama Rahila: A'a Baba, ba shi kuka faɗa ba. Ku cewa kuka yi a bar suna, shi ke nan. Fasto ya ƙara sharaɗi. Amma Fasto, ni ma ina da tambaya. Dawuda da Natan ya same shi cewa ya yi na yi zunubi. Ina wurin da waɗannan suka ce haka? Sannan makarantar da suka bari sai 1951 ta yarda baƙar fata ya zauna aji ɗaya da farare.

Fasto Bitrus: Wannan ba ni da amsarta, Malama. Zuciyar mutum Allah ne ya san ta. Ni kan allon nake magana.

Danjuma: Akwai waɗanda suka bi tsakiya. Jami'ar Baylor ta Baptist a Texas ta kafa kwamiti, rahoto ya fito a 2021. Sun bar mutum-mutumin alƙali Baylor duk da ya mallaki bayi, tunda sunan jami'ar ne gaba ɗaya. Na Rufus Burleson, tsohon shugabanta, suka ɗauke shi daga tsakiyar fili a 2022 suka kai shi gefe, suka cire sunansa daga filin. A 2023 suka kafa na Robert Gilbert da Barbara Walker, baƙaƙen fata na farko da suka kammala a jami'ar. Babu wanda ya manta da Burleson saboda an matsar da shi.

Amma Baba, tunda kun yi maganar share tarihi, bari in nuna muku yadda ake share shi da gaske. A Williamsburg ta jihar Birjiniya akwai cocin Baptist da bayi da 'yantattu suka kafa a 1776, suna taruwa a ɓoye cikin daji, wani bawa mai suna Gowan Pamphlet yana yi musu wa'azi. A 1856 suka gina majami'ar bulo. A tsakiyar shekarun 1950, masu mayar da garin gidan tarihi na zamanin Turawan Ingila suka sayi ginin suka rushe, don bai dace da hoton da suke so su nuna ba. Daga baya aka shimfiɗa kwalta a wurin, ya zama wurin ajiye motoci. Sai a 2020 aka fara tono. Aka tarar da harsashin tsohon gini, aka tarar da kaburbura sama da 60 a ƙarƙashin inda motocin 'yan yawon buɗe ido suke tsayawa. Masu kukan kada a taɓa tarihi yau, ina suke a lokacin?

Goggo Saratu: Wayyo Allah. A kan kaburbura?

Danjuma: A kansu, Goggo.

Baba Ishaya: Wannan mugun abu ne, ɗana, ban musa ba. Amma ɓarna biyu ba sa zama gyara. Kuma ku yi hattara, wutar da kuke hurawa za ta zo gida. Wa ya aiko Thomas Jefferson Bowen, ɗan mishan ɗin da ya fara kawo Baptist Najeriya? Hukumar mishan ta wannan Southern Baptist ɗin ce, shekara biyar kacal bayan taron Augusta. Ya sauka Badagiri a Agusta 1850, ya yi aiki a Ijaye, ya zauna a Ogbomosho a 1855, ya rubuta nahawu da ƙamus na Yarbanci da aka buga a 1858. Yau muna da Jami'ar Bowen a Iwo. Kuɗin da ya biya masa jirgi daga aljihun su wa ya fito? Ku ce mu sauke sunansa mu ma mana.

Malama Rahila: Ban ce ba Baba, ba kuma zan ce ba. Bowen ya sha wahala, zazzaɓi ya cinye shi, ya bar ƙasar a 1856. Amma tunda kun kawo mu gida, mu zauna a gidan. Ku tara yaran makarantar Lahadi ku tambaye su wa ya kawo Baptist, za su ce Bowen. Ku tambaye su Sarah Harden. Yaƙin basasar Amurka ya karya hukumar mishan, daga 1869 zuwa 1875 babu ɗan mishan ko ɗaya da ta bari a ƙasar. Wannan gwauruwa, matar Joseph Harden, ɗan mishan baƙar fata da ya rasu a Legas, ita da Moses Ladejo Stone suka riƙe ikilisiya shekara shida ba albashi daga ƙetare. Da sun watse, da ɗan mishan W. J. David ya zo a 1875 ya tarar da kufai. Shi David ɗin ma tare da wani baƙar fata ya zo, W. W. Colley, wanda ba kasafai ake jin sunansa ba. A 1888 rigima da David kan albashin Stone ta sa mutane suka fice suka kafa cocin Baptist na 'yan ƙasa a Legas, cikinsu har da Mojola Agbebi, wanda ya zama shugaban farko na ƙungiyar da aka kafa a Ibadan a 1914, ita ce ta zama babbar ƙungiyar Baptist ta Najeriya.

In kuma Afirka ta Yamma ake magana, Bowen a baya ya zo. David George, wanda aka haifa bawa a Birjiniya, ya kai Baptist Freetown ta Saliyo a 1792. Lott Carey ya fanshi kansa da kuɗinsa, ya taso daga Amurka a 1821, shi ne ya kafa cocin Providence da ke Monrobiya.

Dikin Yohanna: To Malama, a ƙara sunayen mana. Wa ya hana? Ƙari ba ya buƙatar gogewa.

Malama Rahila: Dikin, goshin gini ɗaya ne. Wani ne zai hau sama, wani ya sauka ƙasa inda sai an sunkuya za a karanta. A nan rigimar take.

Malam Sani: Baba, kun tuna min wani abu. Bowen ba ƙasar Yarbawa kaɗai ya nufa ba, burinsa ya shigo can ciki wajenmu. Ya je Ilori a 1855, sarki bai ba shi izinin zama ba, shi ya sa ya tsaya Ogbomosho. Kuma kada in zauna ina nuna Amurka da yatsa kamar mu wankakku ne. A Arewa sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya. Rinji nawa aka noma da bayi a ƙasar Kano da Zazzau, allo nawa kuka gani da ya ambace su?

Baba Ishaya: Ka ga ni ba, Malam. In aka fara gogewa, ba a san inda za a tsaya ba.

Malam Sani: Ni ban ce a goge ba, Baba. Na ce ba mu ma fara rubutawa ba.

Goggo Saratu: Ku duk kun tafi Amurka da Legas kun bar ni a nan. Baptist ɗin da ya zo mana Arewa ai ba Bature ne ya ɗauko shi a ka ba, 'yan kasuwa ne Yarbawa da ma'aikatan reluwe, su suka fara taruwa a ɗakunansu. Sannan ku je ku karanta allon marmara da ke bakin ƙofar majami'armu. Fastoci ne a jere, da wanda ya sayi kwanon rufi. Matan da suka ɗebo ruwa daga rafi aka kwaɓa ƙasa, uwata tana cikinsu, ko ɗaya babu. Ishaya, kana kwamitin da ya rubuta allon nan.

Baba Ishaya: Yaya Saratu, wurin ne bai isa ba. Mai sassaƙa kowane harafi kuɗi yake karɓa.

Goggo Saratu: Ya isa ya ɗauki sunan mai kwano har da laƙabinsa.

Dikin Yohanna: Goggo, tsohon littafin zumuntar mata yana ofishin coci, ina jin sunayen suna ciki. Zan duba ranar Lahadi bayan sujada.

Goggo Saratu: Ka duba. Waɗanda babu a ciki ka zo gida in faɗa maka, ka taho da biro. Kuɗin mai sassaƙa kuma a tambayi kwamiti.