Su ke kwasa, wa ke biya? Musayar baituka tsakanin 'yan ƙwallon Bauchi da Gombe

Sarkin Gidan Kallo, Wunti:
Salamu alaikum jama'a. Na ƙara naira ɗari a kuɗin shiga gidan kallona shi ne yara suka taso min kamar na yi sata, alhali mutanen da suke shigowa su tafa wa ɗin abin da suke ɗauka a sati ya isa ya saye layinmu har da ni a ciki. Ga nawa, mai jin ya isa ya amsa da baiti, ban da dogon surutu.

Na ƙara ɗari kun ce mini azzalumi,
Ku tambayi mai fetur da mai karɓar haya.
Tun ran da aka janye tallafin mai a ƙasar nan,
Inji na shan jinina ku kuna ta dariya.
Ronaldo a Saudiyya an ce miliyan 200 na yuro,
A shekara ɗai, ba ku ce masa ya ji kunya.
Ni mai benci da talabijin uku a rumfa,
Ni ne ɓarawon, ni kuke yi wa tsiya.

Kunamar Pantami:
Na taɓa shiga gidan naka da na zo biki Bauchi, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Sarki ka yi kuka mun ji, Allah ba da haƙuri,
Amma Ronaldo bai taɓa cin sisinmu ba.
Shi Larabawa ke biyansa da arzikin mai,
Kai ko ka matse yaron da bai karya ba.
Bencinka duk ƙusa, fanka ta yi yaji,
Ana fenareti inji ya mutu, ba mu ga ci ba.
In za ka ƙara ɗari ka ƙara da gyara,
Mai masar Wunti ta ƙara kuɗi ba ta rage miya ba.

Hajiyar Madrid, Jekadafari:
Wayyo Kunama ka harbe shi, a kawo wa Sarki ruwa. Gombe ba ta wasa wallahi. Bari in sauya muku hanya:

Ku bar Sarki ya sha iska ku zo mu je kasuwa,
Mu ga wa ya iya ciniki, wa aka cuta.
Pogba ya bar Man U a 2012 hannu rabbana,
Ta kai fam miliyan 89 ta dawo da abinta.
Shekara shida ya sake komawa Juventus,
Kyauta a farko, a ƙarshe ma dai kyauta.
Mu ko Mbappe muka ɗauko daga Faransa,
PSG ko kwabo ba ta gani ba, ku tambaye ta.

Ɗan Barca na Jahun:
Hajiya ba wanda ya taɓa ku fa, ke kullum sai kin jawo Madrid ko ana zancen farashin tumatir.

Hajiyar Madrid, Jekadafari:
Kai yi shiru, ku da kuka karɓi yuro miliyan 222 na Neymar a 2017 kuka ɓarnatar, shekara huɗu tsakani Messi ya fita yana hawaye don kun kasa saka albashinsa cikin ƙa'idar Laliga. Ka zo da baiti ko ka koma benci.

Man U Har Abada, Azare:
Yanzu na ga wannan, ina kasuwa tun safe. Hajiya ga saƙonki.

Hajiya laifi tudu ne kin taka naki,
Kin hango namu, to tsaya in tuna miki.
Hazard kuka saya yuro miliyan ɗari,
Shekara huɗu yana jinya a cikin ɗaki.
Ƙwallo bakwai kacal ya jefa a raga,
Ki raba kuɗin bakwai ki ga tsadar aiki.
Kyautar Mbappe kuma ba kyauta ba ce,
Kuɗin sa hannu ya cika masa banki.

Ɗan Barca na Jahun:
Allah ya ja zamaninka na Azare! Duk da dai ba a so mai Maguire na fam miliyan 80 ya riƙa koyar da ciniki, yau na yafe maka.

Malam Mai Arulli, Gwallaga:
Ni dai tun ɗazu nake karantawa ina dafe kai. Jama'a abin da kuke yi sunansa zance mai amsa-amo, ba waƙa ba. Waƙa tana da kari, gaɓa mai nauyi da marar nauyi kowace da mazauninta, ba wai ka jero magana ka datse ta inda numfashinka ya ƙare ba. Hajiya ki gaya min yadda za a rera "fam miliyan 89", tamanin da tara fa za a furta, ɗangon ya riga ya fashe. Shi kuma Kunama ya ɗauko "ba" ta korewa ya yi amsa-amo da ita har sau huɗu, wannan ai ko ɗan aji uku zai iya, duk jimlar da ka kore za ta ba ka "ba" kyauta. Ga yadda ake yi, a karin waƙa da ake kira Mutadarak:

Kai mai kallo zauna ka jiya,
Su ke kwasa kai ke ta biya,
Ba su san ka ba ko a cikin tafiya,
Amma kai ne ke yin rigima.

Jesi ka saya data ka saya,
Mota ka biya benci ka biya,
A gida kuma an rasa mai na miya,
Wai don a kira ka da mai hidima.

Ku tafa hannu ku rera za ku ji ƙafa huɗu a kowane ɗango.

Sarkin Gidan Kallo, Wunti:
Allah ya ƙara sani Malam! Bauchin Yakubu ke nan, a nan ake ilimi. Kunama sai a koma makarantar allo.

Kunamar Pantami:
Malam na gaishe ka da girmamawa,
Karinka ya zauna, ba na musawa.
Amma waƙarka wa'azi ce ta Juma'a,
Ta riƙe ƙwallo, raga ba ta taɓawa.
Mu mun zo filin ne don mu ci juna,
Kai ka zo da ma'auni kana ta aunawa.
Ga shi na bar "ba" na koma "wa" don kai,
In wannan ma bai yi ba sai ka yi ta gyarawa.

Malam Mai Arulli, Gwallaga:
Ka gudu daga "ba" ka faɗa "wa" ta sunan aiki, duk kanwar ja ce ɗana. Musawa, taɓawa, aunawa, ai haka za ka yi ta yi har asuba.

Hajiyar Madrid, Jekadafari:
Malam da girmanka, amma fa mun lura, baitin Sarki ma ɗango na biyar ya fi kowanne tsawo ba ka ce komai ba saboda ɗan garinku ne. Awon naka 'yan Gombe kawai yake kamawa? Tun 1996 muka raba gari har yau ba ku huce ba.

Ɗan Barca na Jahun:
To fa, an bar ƙwallo an koma siyasar jiha.

Akanta na Yelwa:
Ni ban iya baiti ba, ku yi min uzuri, amma akwai gyara a maganar Kunama ta farko da ya ce ba sisinmu a ciki. Na Saudiyya na yarda, amma na Ingila akwai guminmu, domin babban abin da ke biyan albashin 'yan Firimiya kuɗin haska wasa ne a talabijin, yarjejeniyar cikin gida kawai da ta fara a 2025 fam biliyan 6.7 ce ta shekara huɗu, ban da abin da ake sayar wa ƙasashen waje wanda mu ma muna ciki, wato ɗarin da yaro ya miƙa wa Sarki a ƙofa ita ce Sarki ke haɗawa ya biya kuɗin dish, masu dish su biya Turawa, a haka har ta isa aljihun wanda ke dumama benci a Landan. Maganar tafiya kyauta kuma da Hajiya ke taƙama da ita, tun hukuncin Bosman da kotun Turai ta yanke a 1995 ne ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ke iya tafiya ba a biya kulob ɗinsa ba, sai kuɗin ya koma hannunsa da na dillalinsa, shi ya sa na Azare ya yi gaskiya.

Man U Har Abada, Azare:
Akanta ka rubuta wannan a baiti mana mu ga ko Malam zai bar ka da rai.

Giwar Yankari, Bakaro:
Na bar ku kun gama da Turawanku, yanzu ku saurara.

Kun cika kunnenmu da fam da yuro tun safe,
Ba mai tuna Wikki, Giwa ta ruwan Yankari.
A 1998 muka ɗau kofin ƙalubale,
2016 na uku a lig, ba tsafi ba sihiri.
Obaje ya zuba 18 a raga a waccan kakar,
Filin Tafawa Ɓalewa ya ɗau kuwwa da kirari.
A lig ɗinmu na gida sau nawa muka ji labari,
Ɗan wasa na bin albashi an ce ya yi haƙuri.
Gwamnati ke riƙe da kulob, ƙofa ba ta kawowa,
Don mai kallon ya tafi rumfa kallon na wani gari.
Ka sai jesin Chelsea ta jabu a Muda Lawal,
Ran wasan gida kuma ka haura katanga da sauri.
Osimhen ya tafi Galatasaray miliyan 75,
Da ya tsaya a nan da yana bin bashin mai gari.

Sarkin Gidan Kallo, Wunti:
Giwa baiti ya yi, amma wannan na "rumfa" ni kake nufi ko? Ni ma fa ɗan Wikki ne, ranar wasan gida da kaina nake zuwa fili.

Giwar Yankari, Bakaro:
Kai kake zuwa, ka bar yaronka yana karɓar kuɗin Firimiya. Mun sani. Ga ƙari na maƙwabta:

Kunama ina Gombe United ina Doma,
Ku biyu kuka faɗi a 2024, ba ko sallama.

Kunamar Pantami:
Giwa kar ki yi mana gori da faɗuwa,
2023 ke kika fara gangarawa.
Mun ga sawunki ne muka bi hanya,
Babba ke gaba, ƙanne na biyowa.

Hajiyar Madrid, Jekadafari:
Hahaha Gombe ta Bubayero! Kunama wannan ko Malam bai isa ya taɓa shi ba.

Malam Mai Arulli, Gwallaga:
Na isa. "Wa" ce dai har yanzu. Kai kuma Giwa, don Hajiya ta san ba na son kai, ka maimaita "gari" a amsa-amo, ɗaya na birni ɗaya na tuwo, na bar maka wannan don ma'anarsu daban, amma ka sa "labari" a ɗangon da bai kamata ya ɗau amsa-amo ba, kuma baitin Osimhen in aka furta saba'in da biyar ba mai numfashin da zai kai ƙarshensa.

Giwar Yankari, Bakaro:
Malam kuɗin ne da yawa, ba laifina ba ne. Ka rage farashin in rage ɗangon.

Blues na Tudun Wada:
Sai yanzu na samu caji. Waye ya ce jesina ta jabu ce?

Giwa jesina daga Kano aka kawo ta,
Tambarin zaki na nan, ko wanki bai goge ta.
Caicedo fam miliyan 115 muka zube,
Ba mu ci bashin mai shayi ba don sayen ta.

Man U Har Abada, Azare:
Sayen wa? Caicedo ne "ta" ko jesin? Malam zo ga aiki ya same ka.

Malam Mai Arulli, Gwallaga:
Wannan ba na arulli ba ne, na malamin nahawu ne, ku nemo shi.