A-kori-kura mai balan-balan: me kuka gani?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na sa aka sauke Hilux ɗita ƙasa, aka cire sifirin aka sa balan-balan na roba masu ɗaukar iska. Tun shigowar hunturu, kullum da safe sai in tarar da ƙafar baya ta hagu ta kwanta, ba ta miƙewa sai kwamfiresa, wato na'urar da take hura wa balan-balan ɗin iska, ta yi aiki. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su faɗi abin da suka gani.

Makanike, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda ƙafa ɗaya ce take kwanciya, iska ce take zurarewa a wannan ɓangaren, kuma a motocin da suka zo hannuna na fi samun laifin a mahaɗar bututu, ba a balan-balan ɗin kansa ba. A cika motar da iska, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa, duk inda kumfa ta taso nan ne ɓarnar take. Sau da yawa wanda ya ɗaura kayan ne ya yanke bututun a karkace, bakinsa bai zauna daidai ba, sanyin asuba kuma yana sa roba ta ƙanƙance, ƙofar ta ƙara buɗewa.

Direba, Daura:
Ƙanena, kada ka yi irin sakacina. Na bar tawa a haka wajen wata biyu, ina cewa ai kwamfiresa tana cikawa, ban lura cewa aikin da take yi ba hutawa shi ne ajalinta ba. Cikin zafin Afrilu ta ƙone mini a kusa da Mashi, motar ta zauna daɓas, na ƙarasa Katsina ina tafiyar hawainiya, kowane tudun rage gudu sai na ji cikinta ya gogi ƙasa. Da aka buɗe, matatar iskar ta toshe da ƙura, domin a ƙarƙashin mota aka ɗaura ta, inda duk ƙurar hanya take taruwa. Kuɗin sabuwar kwamfiresa, wadda sai daga Kano aka samo, ya ninka na gyaran mahaɗa sau da yawa.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Guga:
Ni da damina na sha tawa wahalar. Ruwa yana taruwa a tankin iska, ya kawo tsatsa, bawul ya riƙa maƙalewa. Yanzu duk Juma'a nake buɗe magudanar tankin. A kuma yi saitin ƙafa a tsayin da ake tafiya da shi, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Mun gwada ruwan sabulu jiya, mahaɗun duka lafiya lau, amma kumfa ta fito a gefen balan-balan ɗin, inda yake gogar wani ƙarfe duk lokacin da aka sauke motar. Malam makanike, faci zai riƙe, ko sai an sayi sabo?

Makanike:
Faci ba ya riƙe robar da take lanƙwashewa kullum, Alhaji. A sa sabo, amma a fara gyara ƙarfen nan tukuna.