Yaya za mu yi ƙanena ya samu aikin da zai riƙe kansa kafin ƙarfin mahaifiyarmu ya ƙare?

Yayar Auta, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko ta hanyar zama da shi a cikin gida. Autanmu ya haura shekara 30. Yana ɗan shekara uku sanƙarau ya kama shi a annobar 1996, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da jin kunnensa na hagu, ya kuma bar shi da jinkirin fahimta. Yana magana, yana wanka da wanki da kansa, ba ya wasa da salla a jam'i, kuma idan aka nuna masa abu sau da yawa yakan riƙe shi har ya fi wanda ya nuna masa kiyayewa. Abin da ke ba shi wahala shi ne lissafin kuɗi, da kuma a jero masa umarni uku ko huɗu a lokaci guda.

Mun taɓa kai shi koyon ɗinki a wani shago. Ya shekara biyu yana zuwa, amma da na bincika sai na tarar ba a taɓa barinsa ya taka keke ba, aikinsa kawai shara da ɗebo ruwa da sayo wa yaran shago abinci. Ranar da ya ɓatar da canjin wani aike, maigidan ya turo mana cewa mu riƙe shi a gida. Tun daga lokacin yake wuni a zaure yana kallon masu wucewa, kuma na lura har maganarsa ta ragu.

Mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu ta manyanta ga hawan jini, ni ina gidan aure, yayyensa maza biyu kuma neman abinci ya kai su nesa da Katsina. Kwanan baya ta tambaye ni wa zai riƙe shi idan ta kwanta dama, na rasa amsar da zan ba ta. Tambayata biyu ce: ta wace hanya mai irin lalurarsa yake samun aiki na gaske wanda ake biya, kuma shin hikima ce mu fara sakar masa ragamar rayuwarsa tun yanzu?

Malamin Ilimi na Musamman, Katsina

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan zumunci. Abin da ya faru a shagon ɗinki ba ya nuna cewa ƙanenki ba zai iya aiki ba, domin a zahiri ba a koya masa komai ba. Koyon sana'a a wurinmu ya ginu ne a kan yaro ya zuba ido ya ɗauka da kansa, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi kowace wahala ga mai jinkirin fahimta.

Ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan kuskure ba. A Amurka an daɗe ana tara masu irin wannan lalura a wuraren horo na daban, suna shekara da shekaru ana cewa ana shirya su, shirin kuma ba ya ƙarewa. A farkon shekarun 1970 wani masani mai suna Marc Gold ya nuna cewa mutanen da ake ɗauka ba za su iya koyon komai ba suna iya haɗa birkin keke mai sassa fiye da goma, muddin aka rarraba aikin zuwa ƙananan matakai aka koyar da su ɗaya bayan ɗaya. Daga irin wannan aiki ne tsarin aiki tare da tallafi ya samo asali, har ya shiga dokar ƙasar a 1986. Tsarin ya juya tsohuwar hanya ne: a fara sama wa mutum gurbi a wurin aiki na gaske, cikin sauran ma'aikata, da lada irin nasu, sannan a koya masa aikin a nan inda zai yi shi.

Ginshiƙin abin shi ne ɗan rakiya, wato mutumin da zai tsaya kusa da shi a makonnin farko. Ɗan rakiya yakan riga shi zuwa wurin, ya koyi aikin da hannunsa, ya tsara shi mataki-mataki. Idan sun fara, zai nuna mataki ɗaya, ya bari ya gwada, ya gyara masa a hankali ba tare da tsawa ba. Bayan kwanaki sai ya rage magana, daga baya ya koma bakin ƙofa ya zauna, daga nan ya riƙa leƙowa sau ɗaya a mako, har wani abokin aiki a wurin ya zama shi ne wanda ƙanenki zai tambaya idan ya rikice. Janyewar nan ita ce ma'aunin nasara, domin idan ɗan rakiya ya kasa janyewa, an dai mayar da zaman zaure zuwa wani wuri ne. A halinmu, wani ɗan'uwa mai haƙuri ko maƙwabci da kuka amince da shi zai iya ɗaukar wannan nauyi, ku riƙa ba shi ɗan abin mota.

Ki dubi aikin da yake maimaituwa kullum, wanda ba ya buƙatar ciniki da karɓar kuɗi. Gidan kaji misali ne mai kyau. Kiret ɗin ƙwai gurbi 30 ne, saboda haka wanda ba ya iya ƙirga ba ya buƙatar ƙirga, idan gurabe sun cika ya san kiret ya cika. Mudun da aka yi wa alama da jan fenti yana gaya masa yawan abincin da zai zuba. Haka guga a shagon wanki, ko sa burodi a leda, ko wankin mota. Hotunan matakan aiki a jere a cikin wayarsa sun fi dogon bayani amfani, kuma duk mai yi masa magana ya tsaya ta ɓangaren kunnensa na dama, ya faɗi abu ɗaya, ya jira a gama kafin ya faɗi na biyu. Na tabbata da an yi haka a shagon ɗinki, da labarin ya bambanta.

Mai Keken Hannu, Daura

Yaya, ina yi miki fatan alheri, amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na karanta tambayarki sau biyu, na ji abin da mahaifiyarku take tsoro, na ji abin da ke kike so, amma ban ji abin da shi Auta yake so ba. An tambaye shi kuwa?

Ni shan-inna ce ta kama ni ina ƙarami, na tashi ina rarrafe, kuma na san yadda tausayin gida yake ɗaure mutum. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta son ko ƙofar gida in fita, don kada yara su yi mini dariya. Kawuna ne ya matsa aka kai ni wurin mai gyaran waya ina da shekara 19, ya sa kafinta ya rage tsawon teburin aiki ya dace da zamana. Ranar da na fara sayo kwanon masara da kuɗin gumina na ajiye a gabanta, ta yi kuka, kuma daga ranar aka fara neman shawarata a kan al'amuran gidan. Yau ina da iyali, kuma har yanzu sai an taimaka mini nake hawa matakalar wani banki da nake hulɗa da shi. Karɓar wannan taimako bai hana ni zama mai gidan kaina ba.

Wannan ita ce ma'anar zaman kai da masu lalura suke nema a duniya. Wanda ya yi fice wajen kafa wannan tafiya, Ed Roberts, shi ma shan-inna ce ta shanye masa jiki yana ɗan shekara 14, har sai da na'ura yake numfashi idan zai kwanta. Duk da haka ya yi karatu a jami'ar Berkeley, kuma a 1972 aka buɗe cibiyar zaman kai a garin, wadda masu lalurar da kansu suke gudanarwa. Mutumin da ba ya iya sa riga da kansa shi ne yake zaɓen wanda zai sa masa, da lokacin da za a sa masa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin masu lalura, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ta tanadi cewa mutum yana da haƙƙin zaɓen inda zai zauna da wanda zai zauna tare da shi.

A ƙasar Hausa ba wanda yake zama shi kaɗai, saboda haka ba na ba da shawarar a kama masa haya a wata unguwa. Ku ba shi ɗaki nasa a cikin gidan, ko shagon ƙofar gida, da makulli a aljihunsa. A bar shi ya sayi sabulunsa, ya zaɓi yadin da zai ɗinka da salla, ya san ranar da kuɗinsa suka ƙare. Zai yi kuskure, za a cuce shi a canji sau ɗaya ko biyu, kuma gara hakan ta faru yanzu da mahaifiyarsa take raye kuma kina kusa. Kakanninmu sun san masu lalura suna iya tafiyar da al'amuransu, shi ya sa muke da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Abin da ya rage mana shi ne mu raba wannan tsari da bara, kamar yadda 'yan'uwanmu masu shan-inna a Kano suka haɗa ƙungiya suna ƙera kekunan hannu suna sayarwa.

Hajiya Mai Gidan Burodi, Ƙofar Ƙaura

'Yar'uwa, bari in yi magana da bakin masu ɗaukar aiki, domin Malam ya ambaci sana'ata. Akwai kurma a cikin masu sa mini burodi a leda, ya shekara huɗu, kuma ban taɓa samun ƙorafi a kan aikinsa ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, da farko na ji tsoro, kuma tsoron nawa biyu ne: kada ya ƙone a wurin gashi a ce na yi sakaci, kuma kada in rasa yadda zan sallame shi idan aikin bai yiwu ba, tunda an haɗa ni da Allah da Annabi aka kawo shi.

Idan za ki je wurin mai sana'a, kada ki je da roƙo. Ki ce masa ga abin da ƙanenki yake iyawa, ga wanda zai tsaya tare da shi, a gwada wata ɗaya, idan bai yiwu ba a rabu lafiya. A yanke ladansa tun ranar farko, kuma a riƙa damƙa masa a hannunsa ranar da ake biyan kowa. Wanda ake ba sadaka, yaran wurin ba za su taɓa ɗaukarsa abokin aiki ba, shi za su mayar ɗan aike da abin tsokana. Ni da na ji wani ya kira nawa da sunan da bai dace ba, a gaban kowa na tsawatar, ba a sake ba.

Ɗalibin Shari'a, Katsina

Ƙari a kan abin da magabata suka faɗa, akwai dokar hana nuna wariya ga masu lalura ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu lalura, ta sa tarar naira miliyan 1 a kan kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun a kan mutum ɗaya, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu lalura ta ƙasa a 2020. Yana da kyau ki san da ita, ki kuma tuntuɓi reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu lalura, JONAPWD, na jiha. Sai dai guraben gwamnati galibi takardar makaranta suke nema, saboda haka a ganina hanyar da Malam da Hajiya suka nuna ta fi kusa da ku.

Abin da na fi so in ja hankalinki a kai shi ne gadonsa. Tunda mahaifinku ya rasu, Auta yana da kaso cikakke daidai da na kowane ɗa namiji, lalura ba ta rage masa ko kwabo. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a kula da dukiyar wanda ba zai iya juya ta ba, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, aya ta 6 kuma ta yi maganar jarraba marayu da miƙa musu dukiyarsu idan an ga shiriya a tare da su, tare da kafa shaidu. Ku fitar da kasonsa a rubuce tun mahaifiyarku tana da rai, a san wanda yake riƙe da shi da abin da ake kashewa, a gaban shaidu. Idan ɗakin da Mai Keken Hannu ya ambata ya faɗo cikin kasonsa na gidan, to babu wanda zai tashe shi daga baya.

Yayar Auta, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Malam Mai Keken Hannu, maganarka ta taɓa ni, domin gaskiya ban taɓa tambayarsa ba. Jiya bayan la'asar na je gida, na zauna a zaure ta ɓangaren damansa, na tambaye shi aikin da yake so. Ya daɗe shiru, sannan ya ce shi ba ya son ɗinki, tun farko ma bai so ba, tattabaru da kaji yake so. Sai na tuna cewa shi yake kula da kajin mahaifiyarmu shekara da shekaru, kuma shi yake fara gane wadda ba ta da lafiya.

Mijina ya san wani mai gidan kaji a hanyar Batsari, za mu je wurinsa ranar Asabar da maganar gwajin wata ɗaya kamar yadda Hajiya ta tsara, kuma ɗan yayanmu da ya gama sakandare ya yarda ya zama ɗan rakiya. Maganar gado na kira yayyenmu, babban ya ce a bari sai sun zo da salla a zauna. Mahaifiyarmu ta amince da aikin, amma har yanzu ba ta saki jiki da zancen makullin ɗaki ba, ta ce wa zai san halin da yake ciki da dare. Malamin Ilimi na Musamman, idan aikin ya samu, ɗan rakiyar zai riƙa tafiya da shi a Keke Napep ɗaya ne kullum, ko tun makon farko za a fara koya masa hanyar shi kaɗai?