Hakama ko Kaki? Musayar Waƙa kan Suturar 'Ya'yan Sarautar Japan

Tela Mai Almakashi:
Salamu alaikum. Akwai hotuna biyu na Sarki Meiji na Japan: na 1872 yana cikin rigar fada mai faɗin hannu, na 1873 kuma cikin kakin soja irin na Turai. Ga nawa, mai iyawa ya karɓa.

Bismillah, ga zare ga allura,
Ɗinkin waƙa nake farawa.
Meiji na ɗan shekara sha biyar
Ran da ya karɓi baƙin Turawa.
Haƙora an rina baƙi, gira an aske,
Can bisa goshi aka sake zanawa.
Shekara biyar, sai ga shi da kaki,
Tukkun kansa har an yi yankewa.
To ɗan da ubansa ya sake riga,
Me za a ba shi ya riƙa sawa?

Baba Mai Rawani:
Tela ɗana, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Baƙaƙen jiragen Amurka suka iso musu,
A 1853 suka kaɗa hantarsu,
Sai kunya ta kama su da kayan kakanninsu,
Suka tuɓe wa 'ya'ya rigar gadonsu.
Yoshihito ɗan Meiji ya shiga makarantarsu,
Gakushuin, wadda 'ya'yan manya ke karatunsu,
A 1887, da kaki irin na sojan ruwansu,
Jakar fata a baya kamar kuratansu.
Hirohito jikan Meiji da ƙannensa, je ka dubi hotonsu,
Rigar matuƙan jirgi ce a jikinsu.
Zanen aro dai, ina zai rufe katararsu?

Malamar Tarihi:
Baba, a gafarce ni, yau zan ja da kai kaɗan.

Abin nan, Baba, an yi shi da dabara,
Ba wai sun raina tasu sutura.
Yarjejeniyar 1858 ta ɗaure su ba tsira,
Bature ya yi laifi, alƙalin Japan ba ya jin ƙara.
So suke a zauna a sake shawara,
A gan su tsaran kowa, shi ya sa suka fara
Daga cikin fada: uba, uwa, sannan yara.
Sarauniya Haruko a 1886 ta sake sutura,
Da shekara ta kewayo ta yi wa mata kira:
Ɗinkin Turai, amma yadin gida za a tara,
Masaƙan ƙasa su ci riba su ƙara.

Sai a 1899 aka soke wancan sharaɗi na shari'a. Sababbin dokoki da ƙarfin soja ne suka fi yin aikin, na sani, amma riga ma ta yi nata.

Ɗan Auta:
Ni dai nawa gajere ne, Anti Malama.

Rigar matuƙan nan ta fito Birtaniya,
A 1846 aka sa wa ɗan Sarauniya Biktoriya,
Daga nan yayinta ya zaga duniya.
Hoton Hirohito na jariri ya ba ni dariya,
Farar riga mai tattara, sai ka ce yarinya!

Hajiya Uwar Biyu:
Auta, haka Turai ke yi wa jarirai maza a lokacin, ba abin dariya ba ne. Baba kuma, ba a jefar da hakama ba. Hakama wando ne mai faɗi da ninki, ana ɗaure shi a ƙugu. Saurara:

Yaro ya kai biyar, a tara danginsa,
Hakama na farin siliki a ɗaura a ƙugunsa,
Karo na farko ke nan a rayuwarsa,
Chakko no Gi suke ce wa bikinsa,
Tun zamanin Heian, ƙarnoni da dama baya, fada ke yinsa.
Sai a hau da shi allon go, darar ƙasarsa,
Duwatsu biyu ƙarƙashin tafin ƙafarsa,
Mafici a dama, 'yan rassa a hagunsa,
A datse kaɗan daga bakin gashinsa,
Ya diro ƙasa da tsalle, a yi murnarsa.
Naruhito jikan Hirohito a 1964 aka yi nasa,
Hisahito ɗan ƙanensa a 2011 ya bi sawunsa.

'Yan mata ma ana ɗaura musu, sai dai nasu hakama mai duhun launi ne, da doguwar riga a sama, mafici a hannu. Gimbiya Aiko, 'yar Naruhito, a 2006 aka yi nata. Kuma Shimoda Utako, wadda ta koyar da biyu daga 'ya'yan Meiji mata, ita aka sani da yaɗa hakama a tsakanin 'yan makaranta.

Baba Mai Rawani:
Hajiya, na ji, kin kawo hujja. Amma ban janye ba.

Rana guda ga hakama, sauran duk na kaki,
Rigar gado ta koma ta ranar biki.
Hirohito na sha ɗaya aka ba shi muƙamin yaƙi,
A 1912, hafsan ƙasa da na ruwa, abin mamaki.
Yaro ko gemu babu, an rataya masa aiki.

Tela Mai Almakashi:
Baba ya ƙi sauka. To bari in faɗi wanda ya shafi sana'ata. Janar Nogi ne shugaban Gakushuin lokacin da Hirohito ya shiga a 1908, kuma ana ba da labarin horon da ya yi masa kan tattali.

Nogi ya ce yaga ne abin kunya, ban da faci,
Jikan sarki ya koma gida da batun tsimi da mutunci,
Ya ce a yi wa safarsa da wandonsa faci,
Masu reno suka ɗau allura ba ƙorafi ba ƙunci.
Da ni ne telan fada, Hajiya, ina zan ga abinci?
Sabon ɗinki babu, kullum sai kawo faci!