e2fsck ya tsaya a Pass 2 a kan faifai mai 16TB, ina mafita?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Faifai ne mai 16TB, tsarin ext4 na Linux, manhajar rsnapshot ke zuba ajiya (kwafin fayiloli) a kansa kullum. An ɗauke wuta, sai na cire shi daga mount na saka `e2fsck -fy /dev/sdb1`, umarnin da ke bincika tsarin faifai ya gyara shi mataki-mataki. Pass 1 ya wuce, amma tun jiya yana Pass 2, ko motsi. RAM ɗin injin 4GB ne, faifan kuma ta USB yake haɗe. In katse shi ne ko in ci gaba da jira?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kar ka katse tukuna, kar kuma ka kashe injin. Fara tabbatar da cewa lafiyar faifan ƙalau. Duba `dmesg`, wato saƙonnin da injin ke rubutawa, ka ga ko akwai I/O error ko USB na yawan reset. Sannan `smartctl -a -d sat /dev/sdb`, ka kalli lamba 5, 197 da 198, masu ƙirga sassan faifan da suka samu matsala. In 197 ya wuce sifili, akwai sassan da faifan ya kasa karantawa, kowannensu kuma yana cin daƙiƙoƙi ana maimaitawa. To a nan e2fsck ba magani ba ne, ƙara wa faifan wahala yake. Tsayar da shi da Ctrl-C, ka kwashe komai zuwa wani faifan da ddrescue, manhajar kwafe faifai mai matsala, ka yi gyaran a kan kwafin.

Nasiru: Malam, dmesg babu komai, 5 da 197 da 198 duk sifili ne.

Hajara: To ni RAM nake zargi, kuma rsnapshot ne sila. Fayilolin da ba su canza ba hard link yake musu, wato sabon suna ga fayil ɗin da ke nan ba sabon kwafi ba, amma folda ba ta karɓar hard link, don haka kowace ajiya sai ta sake ƙirƙiro foldodinta gaba ɗaya. In kana da ajiya 30, kana da ninki 30 na foldodi. Pass 2 kuwa aikinsa ke nan: bin kowace folda, suna bayan suna, yana ƙirga sau nawa aka ambaci kowane inode, wato rajistar bayanan fayil ko folda. Lissafin duk a RAM yake zaune. Da ya cika 4GB sai ya koma swap, wato wurin da ake ara a faifai a madadin RAM, aikin awa uku ya zama na kwana uku.

Buɗe wata taga ka saka `vmstat 5`. In ginshiƙan si da so, masu nuna shiga da fitar swap, ba sa sauka sifili, ka kama ɓarawonka. Don ganin inda ya kai kuwa, `pkill -USR1 e2fsck` zai sa ya fito da ma'aunin ci gaba ba tare da ya tsaya ba. Nan gaba ka riƙa sa `-C 0` tun farko.

Nasiru: Haka ne kuwa Hajiya, si da so a dubbai suke.

Hajara: Katse shi da Ctrl-C, ka jira ya fita da kansa. Daga farko zai sake, amma hakan ya fi jiran gawon shanu. Kai faifan injin da ke da RAM 16GB ko fiye, ka ciro shi daga akwatin USB ka haɗa da SATA kai tsaye. In babu wani injin, sa swap mai girma a kan SSD. Akwai kuma sashen `[scratch_files]` a `/etc/e2fsck.conf` da ke mayar da lissafin kan faifai. Yana hana RAM cika, sai dai shi ma ba ya sauri, kuma dole foldar da zai zuba lissafin ta kasance a wani faifan daban.

Malam Habu: In sai da USB, duba `lsusb -t`. In ka ga 480M, USB 2.0 ke nan, da ƙyar ya ba ka 40MB a daƙiƙa. 5000M ake so. Kar kuma wani ya ce ka ƙara `-c`: wannan badblocks yake kira ya karanta faifan kaf, 16TB a gudun 200MB kusan awa 22 ne.

Injiniya Bala: Bayan an gama, saka `dumpe2fs -h /dev/sdb1` ka duba ko akwai flex_bg da metadata_csum ko uninit_bg. A tsarin da aka saba ga faifai mai wannan girman, inode ɗaya ake ware wa kowane 32KB, wato kusan miliyan 500 a faifanka, teburinsu wajen 125GB. In babu ko ɗaya daga cikin biyun na ƙarshe, Pass 1 sai ya karanta teburin duka, har wanda ba a taɓa amfani da shi ba. Faifan da aka ɗauko daga ext3 ne ya fi samun wannan matsala. Ka kuma rage yawan ajiyar a `rsnapshot.conf`, layukan retain, tunda daga nan foldodin ke yawaita.