Kolon, Bon ko Dusseldorf? Ina da awa bakwai a hanya

Abban Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Ƙanwata ce ta haihu a birnin Essen na ƙasar Jamus, tagwaye, Hajiyarmu kuma ciwon gwiwa ya hana ta tafiya, shi ne aka ce ni in wakilci gida. Wata huɗu ina bin biza, sau biyu ana maido min da takardu, har na fidda rai sai ga ta ta fito. Tun daga ranar gidanmu ya zama tasha, kowa da saƙonsa: kuka, daddawa, yajin jego, kilishi, har da atamfa turmi uku daga gwaggonmu. Zan sauka Frankfurt da asuba, mijinta kuma sai shida na yamma zai tashi daga aiki. Na ga jirgin ƙasa yana bi ta Kolon da Dusseldorf, Bon ma ba nisa. Wanne zan tsaya in gani? Zuciyata ta fi karkata ga Bon. Marigayi mahaifinmu bai taɓa fashin sauraren Sashen Hausa na DW ba, da 'yar rediyonsa mai ɗaurin roba, kullum mu ji ana cewa daga birnin Bon.

Kawu na Kolon: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka bar wahalar da kanka, Kolon ce. Shekarata 19 a ƙasar nan. Daga tashar filin jirgin Frankfurt ka hau ICE, jirgin ƙasa mai gudu, cikin kamar awa ɗaya kana Kolon. Kana fitowa daga ƙofar tasha babban cocin nan zai tsaya maka a gaba, sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi. Tsayinsa mita 157, an fara gina shi a 1248, ba a gama ba sai 1880. In kana da ƙafa ka hau hasumiyar, matakala 533. Ka sauko ka bi gadar Hohenzollern da masoya suka cika da kwaɗon kullewa, ka ga kogin Rhine. Lokacin salla ka tafi babban masallaci a unguwar Ehrenfeld. Duk wannan ba ka shiga tasi ba. Af, DW ɗin ma da kake magana a Kolon take, sai 2003 ta koma Bon. Wataƙila rabin shekarun da Baba ya yi yana saurare daga garinmu ake masa magana.

Maman Ilham: Ni kilishin nan ne ya tsaya min a rai. Yaya, ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga waje, ko busasshe ne. Ka cire shi tun a gida. Bara a gabana aka buɗe jakar wata baiwar Allah, ta yi ta kuka, ni kuma da ke bayanta na rasa jirgina saboda layi. Mijina har yau cewa yake ni na tsaya kallo.

Abban Sadiƙ: An naɗe shi sosai cikin takarda, kuma Hajiya ce da kanta ta aika aka sayo. Ba zan iya ce mata na bar shi ba.

Ɗan Damagaram: Wane irin tikiti ka yanka? Nan ne maganar take. In mai arha ne, wanda suke kira Sparpreis, an ɗaure ka da jirgin da aka rubuta a jiki, ba ka da ikon sauka ka yi yawo ka hau na baya. Sai in tun wajen saye ka sa zango a manhajar kamfanin jirgin, ka rubuta awa nawa za ka tsaya. Flexpreis ne ke sake ka. Sannan ka kula, jirgi mai gudun nan ba ya shiga cikin Bon. A Siegburg yake tsayawa, daga nan ka hau tarago mai lamba 66, kusan minti 25 kafin ka isa gari.

Abban Sadiƙ: Surukin nawa ne ya saya ya turo min hoton. Ban duba ba.

Kawu na Kolon: Ka ji ko? Shi ya sa na ce Kolon. Amma ka duba ko an rubuta Köln Hbf, wato babbar tashar Kolon, ko tashar Messe/Deutz, don wasu jiragen a ƙetaren kogi suke ajiye mutum. Ko da hakan ne ma, gadar za ka tako da ƙafa.

Hajiya Dusseldorf: Mutanen Kolon ba su da zance sai coci. Bawan Allah ya kwana a jirgin sama, abinci mai zafi yake so da wurin zama. Bayan tasharmu akwai unguwar 'yan Maroko a Oberbilk, nama halal, shayi da na'a-na'a, masallatai a kusa. Kuma daga nan zuwa Essen rabin awa ne, ko jirgi ya yi latti ba ka da fargaba. Ni dai da na je Kolon da baƙi daga Katsina, iska ta kusa kashe mu a bakin cocin nan, ban ɗaki ma sai da muka biya, mutum biyar.

Kawu na Kolon: Hajiya, a tasharku kyauta ake shiga ban ɗaki? Ku da sai kantunan tsada na Königsallee, a leƙa ta gilashi a wuce.

Malamin Lissafi: Ni da ni ne, sai in bar mai gudun in hau wanda ke bin bakin kogi ta Mainz da Koblenz. Ya fi awa biyu kafin Kolon, amma kana zaune a ɗumi kana kallon tsoffin fādoji a kan duwatsu da gonakin inabi. Kuma wannan layin ta tsakiyar Bon yake wucewa. Ka zauna ta hannun dama. Wace rana za ka sauka, kuma jaka nawa?

Abban Sadiƙ: Lahadi, ƙarshen Nuwamba. Jaka biyu manya, da ta goyo, da ledar gwaggo.

Maman Ilham: Lahadi! Yaya, ai da wannan za ka fara. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi, sai na cikin tasha. Kafin biyar na yamma duhu ya yi. Wa zai buɗe maka ƙofar gidan rediyo ranar hutu ba ka sanar da kowa ba? Gini za ka gani daga waje, ga sanyi, ga jaka huɗu. Ni tambayata ma, ita mai jegon ba za ta iya buɗe maka ƙofa ba ne?

Abban Sadiƙ: Tana asibiti tukuna, yaran ba su cika wata tara a ciki ba. Kuma ni ko daga wajen ne ya ishe ni. Hoto ɗaya nake so in tura wa Hajiya. Ku ba ku san yadda Baba yake da rediyon nan ba, ko batir ya mutu sai ya shanya shi a rana.

Kawu na Kolon: Allah Ya jiƙan Baba. Amma ka ji magana. Akwai na'urar ajiye kaya a tashar Kolon, ka zuba jakunkunan ciki ta ba ka kati. Bon rabin awa ce daga nan. Ka fara ganin coci, in lokaci ya rage ka leƙa.

Ɗan Damagaram: Da wane tikitin zai leƙa, Kawu? Har yanzu bai duba ba.

Hajiya Dusseldorf: Sati nawa za ka yi ma? In kwanakin da yawa, surukinka ya kai ka Bon ranar aiki mana, cikin natsuwa.

Abban Sadiƙ: Sati uku. Amma ba na son in ɗora masa nauyi, yana fama da asibiti. Na buɗe hoton yanzu, akwai wata kalma doguwa da ta fara da Zug, sai lambar jirgi. Kuma kilishin, in na raba shi gida biyu a jakunkuna daban fa?

Maman Ilham: Inna lillahi.