Waɗanda suka karanta Nazarin Amurka a jami'a, ina kuka tsinci kanku?

Babbar Yaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena ya gama digirin farko a Tarihi, yanzu ya kafe sai ya yi na biyu a Nazarin Amurka. Mahaifinmu ya ce ba zai sa hannu ba sai an faɗa masa abincin da ake ci da wannan karatu. Don Allah wanda ya bi hanyar ya ba mu labari.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Jamus na yi nawa, a cibiyar Nazarin Amurka ta Jami'ar Heidelberg, kuma da Turanci ake koyarwa. Fannin ya tattaro tarihi da adabi da siyasa da shari'a da addini wuri guda. Yau kana kan kundin tsarin mulkin 1787, gobe kana kan yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, jibi kuma kana sauraron wa'azin cocin baƙar fata.

Abin da ya riƙe ni shi ne Umar ibn Sa'id, malamin Futa Toro, yankin kogin Senegal, da aka kai birnin Charleston na Amurka a matsayin bawa a 1807. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk. Abokan karatuna fassara suke dubawa, ni kuwa rubutun hannunsa nake karantawa kai tsaye, albarkacin makarantar allo. A kansa na rubuta kundina, kuma shi ya buɗe min ƙofar digiri na uku. In ƙanenki yana da Larabci, kada ya raina shi.

'Yar Rediyo: Ni ta shirin Fulbright, na musayar ɗalibai da malamai na gwamnatin Amurka, na tafi koyar da Hausa a wata jami'a a can, kuma cikin darussan da aka wajabta min akwai na nazarin ƙasar. Da na dawo gidan rediyonmu, duk zaɓen Amurka ni ake nema in warware wa masu sauraro batun wakilai 538 masu zaɓen shugaban ƙasa, da yadda sai ɗan takara ya samu 270, da dalilin da ya sa Hillary Clinton ta fi yawan ƙuri'u a 2016 amma ba ta ci ba. Sai dai gaskiya aikin jarida na riga na iya, karatun ƙara min kaifi ya yi.

Baban Gida: Hajiya, ki ji nawa, don ba daɗi. Fili aka sayar aka biya min shekara ɗaya a Ingila. Na dawo da takarda mai kyau, amma duk inda na je ganawar neman aiki tambayar ɗaya ce: to me za ka yi mana da wannan? Na daɗe ina koyarwa a sakandare mai zaman kanta da albashin da ba ya kai wata. Daga baya wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni rubuta rahotanni da takardun neman tallafi, saboda na iya tsara hujja a rubuce. Ina son karatun har gobe, amma filin nan yana min ciwo. Don girman Allah kada Baba ya sayar da komai.

Malamin Tarihi: Maganarka dutse, Yallabai. Manyan jami'o'in Amurka sukan yafe wa ɗalibin digiri na uku kuɗin makaranta su kuma ba shi alawus yana taya koyarwa, sai dai yakan ci shekara 5 zuwa 7, kuma gurbin koyarwa a jami'a ya yi ƙaranci ƙwarai. Cikin waɗanda muka yi karatu tare, wasu suna gidajen tarihi da ma'ajiyar tsofaffin takardu, wata ta koma karatun lauya, ɗaya yana kamfanin ɗab'i. Hajiya, ƙanenki ya fara zuwa ofishin EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja ko Legas, su nuna masa inda ake ba da tallafi.

Babbar Yaya: Allah ya saka da alheri. Malam, ya yi sauka tun yana ƙarami, kuma ya yi difloma a Larabci. Shin ya fara rubuta wa malaman can wasiƙa, ko ya bari sai ya gama bautar ƙasa?